Ramuwar Gayya Ta Fi Gayya Zafi: Shari'ar Ta-kitse da Kishiyoyinta

Ran nan da daddare a Kazaure, bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, na tarar da 'yan matan gidanmu sun zagaye waya guda a kan tabarma, ana karanta musu wani littafi irin waɗanda ake ɗorawa a YouTube. Labarin wata jaruma ce mai jinin aljanu, wadda kishiya ta yi wa asiri ta raba ta da mijinta da ɗanta. Na iso daidai inda jarumar ta dawo da ƙarfinta, ta makantar da kishiyar, ta haukata ta, ta sa aka kore ta daga gari tana bin juji. Yaran nan sai tafi suke yi. Na ce da 'yar ƙanwata, wadda ita ce babba a cikinsu, "Ke kuwa, wannan hukunci bai yi yawa ba?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Haba Kawu, ai ita ta fara. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi."

Da maganar nan na kwana, domin ba yau na fara jin an rufe shari'a da wannan karin magana ba. Tun ina yaro, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, da ita kakata take rufe tatsuniyar Ta-kitse, mu kuma mu yi ihun murna kamar yadda yaran nan suka yi.

Gayyar da ake nufi a nan daban take da gayyar gona, wadda manomin Gwiwa zai kira samarin unguwa su taya shi noman gero, a kai musu fura da tuwo gona. Wannan gayyar mugunta ce da gangan, abin da mutum zai yi maka yana sane, don ya ƙuntata maka, har ma yana so ka san shi ya yi. Shi ya sa ake cewa wane da gayya ya yi. Amma gayyar gona tana da abin da za ta nuna mana, don ita ma akwai ramuwa a cikinta. Wanda ya zo maka da fartanyarsa ya yini a gonarka, ranar tasa kai ma za ka je ka yini. Kowa ya san ma'aunin, yini ne da yini. A gayyar mugunta ne ma'aunin yake ɓata, kuma Bahaushe ya lura da haka tun da daɗewa.

Me ya sa ramuwa take fin zafi? Mai fara mugunta sau da yawa yana yi ne yana ɗari-ɗari, yana tsoron idon jama'a, wani lungu na zuciyarsa yana gaya masa abin da yake yi ba daidai ba ne. Mai ramuwa kuwa ya kwana da abin ya tashi da shi, ya dafa shi a zuci wata da watanni. Yana jin gaskiya tana gefensa, ga 'yan kallo suna zuga shi, babu mai riƙe masa hannu. Sannan ciwon da aka ji masa a jikinsa yake, yana jin raɗaɗinsa, wanda ya ji wa wani kuwa ba ya jin komai nasa. Don haka kullum gani yake bai kai ba, sai ya ƙara. Wannan hali na ɗan Adam karin maganar take bayyanawa. Ta ce ramuwa ta fi zafi, iyakarta ke nan. Babu inda ta ce ta fi dacewa. A fahimtata tsofaffi suna faɗarta ne ga wanda ke shirin tsokana, don ya ji tsoron abin da zai jawo wa kansa. Mu ne muka ɗauke ta daga kunnen mai tsokana muka danƙa ta a hannun mai ramuwa ta zama masa lasisi.

Ga yadda kakata take ba mu labarin, ga wanda ya manta. Wata tsohuwa tana da wani ƙaton sa da babu irinsa a ƙasar. Labari ya kai fada, sarki ya sa aka ƙwace shi aka yanka, tsohuwa ba ta samu komai ba sai kayan ciki da kitse. Ta kai ɗaki ta rufe. Da ikon Allah sai suka zama 'yan mata, wadda ta fi su kyau ita ce ta kitsen, aka sa mata suna Ta-kitse. Sarki ya gan ta ya ce sai ya aure ta. Tsohuwa ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: ba ta shiga rana, ba ta zuwa kusa da wuta. Sarki ya amsa. Aka kai amarya gidan da ke da mata uku, tare da ƙanwarta mai taya ta zama.

Kwanci tashi sarki ya tafi yaƙi. Uwargida ta ce yau sai Ta-kitse ta yi girki kamar kowa. Ta biyun ta kawo itace ta hura wuta. Ta ukun ba ta ce komai ba, ta shige ɗakinta ta ja ƙofa. Aka jawo Ta-kitse gaban murhu, tana kuka tana narkewa, har ta zama mai a ƙasa. Ƙanwarta ta kwashe man a ƙwarya ta ɓoye, ta aiki tsuntsu ya kai wa sarki labari a fagen fama. Sarki ya juyo, aka kira tsohuwa, ta yi abin da ta sani, Ta-kitse ta dawo har ta fi da kyau. A nan kakata takan yi shiru kaɗan, ta gyara zama. Sarki ya tara fada ya ce da Ta-kitse ta faɗi abin da za a yi wa matan. Ta ce a haƙa rami, a hura wuta wadda ta fi wadda suka hura mata, a jefa su su uku. Aka jefa su. Sai kakata ta ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ƙurunƙus.

Shekaru sun ja kafin na zauna na yi wa labarin nan kallon alƙali. Da na yi, abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne Ta-kitse ta dawo, matan nan uku kuwa ba su dawo ba. Ba na raina abin da aka yi mata. An yi nufin halaka ta, an ci amanar maigida, an keta sharaɗin aure, kuma da ba don ƙanwarta ba da shi ke nan. Uwargida ta cancanci hukunci mai tsanani. Amma a lokacin da Ta-kitse take yanke hukunci tana zaune ne da ranta da lafiyarta, a gefen sarki, ta riga ta yi nasara. Babu sauran barazana a kanta. Saki da kora sun isa su raba ta da sharrinsu har abada. Abin da ta ƙara a kan haka don ta huce ne kawai.

Sai matar nan ta uku. Ita ta fi damuna. Laifinta shi ne ta ga zalunci ta yi shiru, kuma laifi ne, ban wanke ta ba. Amma wanda ya san gidan mata da yawa ya san abin da ake nufi da ƙaramar mata ta ja da uwargida ranar da maigida ba ya gari. Wataƙila tsoro ne ya rufe mata baki. An haɗa ta rami guda da wadda ta shirya da wadda ta hura wutar, ba a ko tambaye ta ba. Haka ramuwa take, idan ta taso ba ta tsayawa tantance wanda ya riƙe wuƙa da wanda ya kau da kai.

Akwai kuma mutum guda da ya fita daga labarin ko ƙwarzane babu, alhali shi ya fara. Wa ya ƙwace san tsohuwa? Wa ya kawo amaryar da ba ta girki ya ajiye ta a inuwa, ya bar mata uku suna shan hayaƙi suna dafa mata, bai zaunar da su ya yi musu bayani ba, bai sama mata mai aiki ba, ya sa ƙafa ya tafi yaƙi? Ka sa kanka a matsayin uwargida, wadda ta yi shekaru a gidan, yau ta wayi gari tana yi wa yarinya bauta. Wannan bai halatta mata abin da ta yi ba, amma ya nuna ita ma a ganinta ramuwa take yi. Gayyar farko ta sarki ce. Uwargida ba ta iya rama wa sarki, sai ta rama a kan amarya. Amarya ba ta iya tuhumar sarki, sai ta ƙone kishiyoyi. Mata huɗu sun shiga wuta, wanda ya tara itacen yana kan karaga, har shi ne mai tambayar wane hukunci za a yi. Ramuwar gayya tana sauka ne a kan wanda hannu zai iya kaiwa.

Tatsuniyoyinmu dai ba sa wasa da hukunci. Duk wanda ya leƙa littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913 zai ga yanka da kisa iri iri a ƙarshen labarai. Sai dai ƙarshen tatsuniya ba wahayi ba ne. Farfesa Sa'idu Babura Ahmad ya yi digirinsa na uku a Landan a 1986 a kan wannan batu, aka buga aikin a Jamus a 1997 da sunan Narrator as Interpreter, wato mai ba da labari shi ma mai fassara ne. Abin da ya nazarta shi ne yadda tatsuniya guda take da ƙashin bayan da ba ya sauyawa, amma kowane mai bayarwa yana ƙara mata nama gwargwadon fahimtarsa da halinsa. Ni kaina na ga haka. Na taɓa jin wata dattijuwa a Babura tana ba jikokinta Ta-kitse, a nata bakin amarya ba ta ce uffan ba, sarki ne ya saki matan ya sa aka raka su garuruwan iyayensu. Sa guda ne, kitse guda, amma ba a haƙa rami ba.

To me ya sa kakata ta zaɓi wuta? Sai da na girma na sani. Ita ce bora a gidan kakanmu. Ta yi shekaru tana daka da surfe da ɗebo ruwa, ana fifita wata a kanta, duk wanda ta kai wa kuka sai ya ce ta yi haƙuri. Ba ta taɓa ɗaga wa kishiyarta hannu ba, har suka tsufa tare, ita ce ma ta yi jinyarta a ciwon ajali. Amma da daddare, a gaban jikoki, tana da kotu guda da take cin shari'a a cikinta, ita ce tatsuniya. Na tuna wata rana yayata ta ce, "Kaka, ita ta ukun me ta yi?" Sai kakata ta ce, "Ke dai ƙawata, ba ki san zafin wanda yake kallo ana cutarka ya yi shiru ba." Yanzu na gane ba da Ta-kitse take ba. Saboda haka ba na ganin laifin macen da ta ji sanyi a ranta idan jarumar labari ta murƙushe kishiya. Wannan sanyin yana gaya mana cewa akwai mata da yawa da ba su da inda za su kai ƙara a saurare su. Muna ta ce wa mai rauni ya yi haƙuri, ba ma ce wa mai ƙarfi ya yi adalci, har tura ta kai bango.

Duk da haka, jin daɗin hukunci daban, dacewarsa daban, kuma mu Musulmi muna da ma'auni. Aya ta 126 a Suratun Nahli ta yi umarni cewa wanda zai rama ya tsaya daidai gwargwadon abin da aka yi masa, ta kuma nuna haƙuri ya fi. Aya ta 40 a Suratush Shura ita ma ta ɗaure sakamakon cuta da kwatankwacinta, ta ɗora ladan mai yafewa a kan Allah. An ba wanda aka zalunta haƙƙinsa cikakke, amma an ja masa layi. Shari'a kuma ta cire hukunci daga hannun mai ƙara ta ba alƙali, saboda dalilin da karin maganar nan ta faɗa, wato hannun wanda aka cuta ba ya iya awo. Ta hana a kama wani da laifin wani, ta hana azabtarwa da wuta. Ka ɗora hukuncin Ta-kitse a kan waɗannan, ba zai tsallake ko guda ba.

Tarihin Musulunci ma yana da macen da ta yi ramuwar gayya a zahiri. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, an kashe wa Hindu 'yar Utba mahaifinta da ɗan'uwanta Walidu da baffanta Shaiba. Ta riƙe abin shekara guda. A Uhudu, bayan Wahshi ya kashe Sayyidina Hamza, ta je ta keta gawarsa. Malaman tafsiri da dama sun ce a kan wannan ne ayar Nahli ta sauka, lokacin da Musulmi suka yi alwashin ramawa ninkin-ba-ninkin, aka tsayar da su. A shekara ta 8, ranar buɗe Makka, Hindu ta zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da cikakken iko a kanta, kuma Hamza baffansa ne. Ya karɓi mubaya'arta. Ta rayu tana Musulma, Allah ya yarda da ita. Da an bi ta da ma'aunin Ta-kitse, da wani daga zuriyarta shi ma ya tashi da tasa ramuwar.

Mu mutanen Kazaure ba sai mun je nesa ba. Bayan Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗantunku na Kazaure ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari. Abin da ya kashe wutar shi ne shigowar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya tabbatar wa Kazaure matsayinta na masarauta mai zaman kanta. Wani na uku ne, wanda ɓangarorin biyu suke jin maganarsa, ya yanke. Irin wannan na ukun ne babu a gidan su Ta-kitse, don wanda ya kamata ya zama alƙali shi ne tushen rigimar, sai ya miƙa wa mai ƙara wuƙa.

Hausawa suna da wata hanyar ba da nasara, kuma a ganina ta fi wannan gwaninta. Dubi tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ake bayarwa tun kafin Abubakar Imam ya sa wa littafinsa wannan suna. An ɗora wa 'yar bora laifin da ba nata ba, aka tura ta wanko shimfiɗar uba a ruwan da ba a san inda yake ba. Ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, ta dawo da dukiya da dawaki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta dawo da abin kunya. 'Yar bora ba ta taɓa ta da ko ɗan yatsa ba, halinta ne ya kayar da ita. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Yaro ya ga mugunta ta faɗi, ransa ya yi fari, kuma jarumarsa ta fita da hannunta a wanke. Wannan ya fi wuyar ƙagawa, shi ya sa marubucin da ke sauri yakan gudu zuwa makanta da hauka.

Wani zai ce ai tatsuniya ce, ƙanzon kurege, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne muna jin labarai a rediyo, an watsa wa kishiya tafasasshen ruwa, an zuba wa amarya mai, an cinna wa ɗaki wuta. Ban ce tatsuniya ko littafi ne ya sa su ba, dalilan sun fi haka zurfi, kuma yawancinsu suna komawa ga mazan da ba sa adalci da dangin da ba sa sauraro. Amma kusan duk wadda ta aikata irin wannan, in ka ji ta bakinta, a nata labarin ita ce Ta-kitse. Tana da jerin abubuwan da aka yi mata, wataƙila ma gaskiya ne, kuma tun tana ƙarama ta koyi cewa wadda aka fara cuta komai ta yi daidai ne. Daga ƙarshe ita tana gidan yari, waccan tana asibiti ko kabari, 'ya'yan ɗakunan biyu sun tashi da gabar da za su gada.

Hukuncina shi ne Ta-kitse tana da gaskiya har zuwa lokacin da sarki ya tambaye ta. Daga inda ta buɗe baki ta ce a haƙa rami, ta zama mai gayya ta uku a gidan, bayan sarki da uwargida. Haka ma jarumar da yaran gidanmu suke yi wa tafi. Ta karɓo ɗanta, ta tona asirin kishiya a bainar jama'a, ta raba ta da gidan, duk wannan haƙƙinta ne. Makantarwa da haukatarwa zalunci ne, ko da wadda aka yi wa azzaluma ce.

Washegari na sake zama da 'yar ƙanwata na ba ta labarin Ta-kitse yadda kakarmu take bayarwa, na tambaye ta laifin wa ya fi yawa. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, wallahi sarkin ne." Ban ce mata komai a kai ba.

Ina roƙon iyayenmu mata na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da har yanzu suke tara jikoki a tsakar gida, da matasan marubutanmu da ake sauraron littattafansu a waya, kada ku daina hukunta mugu a labaranku, yara suna bukatar ganin haka. Amma in kun zo inda sarki ya juya ya tambayi Ta-kitse abin da za a yi wa matan, ku dakata, ku tambayi yaran wa ya ƙwace san tsohuwa, kuma me matar da ta shige ɗaki ta cancanta, ku saurari amsarsu kafin ku ƙarasa labarin.